Tsatsar Huji: Abin da Ke Ɓula Tankokin Sinadarai na Ƙarfe Mara Tsatsa

A cikin kayan aikin da masana'antun sinadarai, da na sabulu, da na magunguna, da na abinci da abin sha suke kashe wa kuɗin ƙasashen waje, kaɗan ne suka kai tankoki da manyan tukwanen ƙarfe mara tsatsa tsada. Wannan shi ne farin ƙarfen nan mai sheƙi da aka fi sani a kasuwa da silba ko sitenlas. Mai saye yakan biya ninkin kuɗin baƙin ƙarfe, bisa zaton ya rabu da tsatsa ke nan. Sai dai ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, tankin da aka yi lissafin zai yi shekara 20 yana aiki yakan soma ɗiga tun bai cika shekara guda ba. Idan aka buɗe shi sai a tarar da jikinsa sumul yana ƙyalli, in ban da waɗansu 'yan ɗige-ɗige da ba su fi bakin allura ba. Ta nan ne ƙarfen ya ɓule.

Irin wannan lalacewa ita ce tsatsar huji, kuma injiniyoyi sun fi jin tsoronta a kan tsatsar da aka saba gani. Tsatsar baƙin ƙarfe takan ci jikin tanki bai-ɗaya, ana ganinta, ana iya auna kaurin da ya rage, a kuma ƙiyasta shekarun da tankin zai ƙara yi. Ita kuwa tsatsar huji wuri ɗaya take kamawa ta yi ta nutsawa ciki. Tanki zai iya tashi daga aiki alhali nauyin ƙarfen da ya zube daga jikinsa bai kai na kwabo ba.

Wani bincike da ƙungiyar injiniyoyin yaƙi da tsatsa ta NACE ta ƙasar Amurka ta buga a 2016 ya ƙiyasta cewa tsatsa iri-iri tana jawo wa duniya asarar kimanin dala tiriliyan 2.5 a shekara, wato kashi 3.4 cikin 100 na dukiyar da ƙasashe ke samarwa, kuma za a iya kauce wa kashi 15 zuwa 35 cikin 100 na asarar ta hanyoyin da aka riga aka sani. A wurin mai masana'anta, kuɗin facin tanki shi ne mafi ƙanƙanta a cikin asarar. Abin da ke cin jari shi ne kayan da suka gurɓace a ciki, da kwanakin da injuna za su tsaya, da jiran sabon tanki daga ƙetare, ga kuma haɗarin sinadari ya zubo wa ma'aikata.

Domin a gane dalilin hujin, sai an fara sanin abin da ke hana wannan ƙarfe tsatsa tun farko. Tun 1913 da Harry Brearley ya narka samfurinsa a birnin Shefild na Ingila, sirrin bai sauya ba: ana haɗa ƙarfe da ma'adinin kuromiyom, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Da zarar kuromiyom ya haɗu da iskar oksijin, sai ya yi wata fata a saman ƙarfen wadda ido ba ya gani, domin kaurinta bai wuce kashi 2 ko 3 cikin miliyan na milimita ɗaya ba, wato ta fi silin gashi siranta fiye da sau 20,000. Wannan fata ita kaɗai ce ke tsakanin sinadarin da ke cikin tanki da ƙarfen da ke ƙarƙashinta, wanda mafi yawansa baƙin ƙarfe ne kamar kowane. Idan aka karce ta takan sake toho da kanta, amma bisa sharaɗin akwai oksijin a wurin, kuma babu abin da ke hana ta warkewa.

Babban abin da ke hana ta warkewa shi ne kuloraid, wato rabin abin da ya haɗu ya zama gishirin miya. Yana cikin ruwan teku, wanda kowace lita ke ɗauke da kimanin miligiram 19,000 nasa, yana cikin ruwan rijiya da na famfo, da bilic, da asid ɗin haidirokulorik, da sinadarai da yawa da ake sarrafawa kullum. Abin mamaki, tankin da zai yi shekaru yana riƙe da asid ɗin naitirik mai ƙarfi ba tare da ya nuna alama ba, shi ne ruwan gishiri mai ɗumi zai huda. Asid ɗin naitirik ƙara wa fatar ƙarfi yake yi, shi kuwa kuloraid wurin da take da rauni yake nema ya kutsa.

Waɗannan wurare masu rauni ba sa rasuwa. Tun a tukunyar narka ƙarfe akan sami 'yan ƙwayoyin datti da suka maƙale a cikinsa, mafi illa su ne na farar wuta da ta haɗu da manganis. Inda irin wannan ƙwaya ta leƙo sama, fatar kariya ba ta kwanta sosai ba, kuma bincike da dama ya nuna cewa a nan mafi yawan ramuka suke farawa. Shi ya sa samfurin ƙarfe mai lamba 303, wanda da gangan ake ƙara masa farar wuta domin ya yi sauƙin yanka a injin, ba shi da wurin zama a cikin tankin sinadari, ko da a matsayin noti ne ko ƙusa.

Da zarar rami ya buɗe, shi da kansa yake ciyar da kansa, kuma wannan shi ne ainihin mugun halin tsatsar huji. Oksijin ɗin da ke cikin ɗan ramin yakan ƙare nan da nan, saboda haka fata ba ta iya sake fitowa a ciki. Ƙarfen da ke narkewa a ƙasan ramin yakan jawo ƙarin kuloraid daga ruwan tanki, su haɗu da ruwa su zama asid. Ruwan da ke cikin tanki yana iya kasancewa salam, a kan 7 a ma'aunin tsami na pH, alhali na cikin ramin ya sauko zuwa 1 ko ƙasa da haka. Bugu da ƙari, ramin da sauran jikin tankin sukan zama tamkar kawunan batir biyu: faffaɗan jikin da fatarsa ke lafiya yana jan lantarki, shi kuwa ɗan ramin shi kaɗai yake biya da namansa. Gwargwadon faɗin wurin da ke lafiya, gwargwadon saurin nutsewar ramin. Sau da yawa bakinsa ƙarami ne, cikinsa kuwa ya buɗe kamar tulu a ƙarƙashin fata, har ma wani ɓawon tsatsa ya rufe bakin ya ƙara tsare asid ɗin a ciki.

Yawan kuloraid da ƙarfe zai iya jurewa ya danganta da samfurinsa, kuma a nan ne shawarar mai saye take shigowa. Samfurin da ya fi yawa a duniya shi ne mai lamba 304, mai kuromiyom kashi 18 da nikel kashi 8 cikin 100. Na biye da shi, 316, an ƙara masa molibdinom kashi 2 zuwa 3 cikin 100, wanda ke taimaka wa fatar ta warke ko da akwai gishiri. Ƙa'idar da injiniyoyin ruwa suka daɗe suna bi ita ce, a ruwa mai sanyi wanda ba shi da tsami, 304 yana jure kuloraid har kimanin miligiram 200 a lita, 316 kuwa har kimanin 1,000. Ya kamata a lura cewa ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta amince da kuloraid har miligiram 250 a lita. Ma'ana, ruwan da ya halatta mutum ya sha yana iya fin ƙarfin tankin 304. Ruwan rijiyar burtsatse kuwa yakan bambanta daga unguwa zuwa unguwa, daga rani zuwa damina, kuma masu ƙananan masana'antu da yawa sukan yi odar tanki ba tare da sun kai ruwansu ɗakin gwaji ba.

Akwai wani lissafi mai sauƙi, da ake kira PREN, da masu sayar da ƙarfe ke amfani da shi wajen kwatanta samfura. Ana ɗaukar kason kuromiyom, a tara da kason molibdinom sau 3.3, a tara da kason naitirojin sau 16. Da wannan lissafi 304 yakan tashi da maki 18 zuwa 20, 316 da kimanin 24 zuwa 26, samfurin 2205 mai ruɓi biyu da kimanin 35, sannan 2507 da sama da 40, wanda shi ne matakin da akan nema ga ƙarfen da zai zauna cikin ruwan teku. Lissafin ba alkawari ba ne cewa tanki ba zai huje ba, jeri kawai yake nunawa, amma ya isa ya nuna cewa tazarar da ke tsakanin 304 da 316 ba ta kai yadda ake zuzuta ta a kasuwa ba. Shi ma 316 ruwan teku yana huda shi.

Zafi shi ne abokin gishiri na farko. Kowane samfuri yana da matakin zafin da idan aka wuce shi ramuka za su fara, kuma ruwan da bai yi wa tanki komai ba a digiri 25 yana iya ɓula shi a digiri 60. A tukwanen da ake dafa sinadari lamarin ya fi muni, domin ruwa yana tashi ya zama tururi amma gishirin ba ya tashi. A daidai layin da ruwa ke tsayawa, da inda yake fantsama ya bushe a kan bango mai zafi, gishiri yakan taru ya ninka na cikin tukunyar sau ɗaruruwa. Saboda haka ne mai binciken tanki yakan fara duba wannan layi kafin ko'ina. Tankin da aka girke a fili, a garuruwan da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40 kamar Sakkwato da Maiduguri, shi ma ya rasa wani kaso na juriyar da aka rubuta masa a takarda.

Abu na biyu shi ne kwanciyar ruwa. Ruwan da ke gudana yana kawo sabon oksijin, yana kuma share laka. Wanda ya kwanta kuwa yakan bar laka da ɓawo su zauna a gindin tanki, a ƙarƙashinsu oksijin ya ƙare, kuloraid ya taru. Haka abin yake a duk wani matsattsen lungu: ƙarƙashin gaskit, tsakanin faranti biyu da aka ɗora wa juna, bayan ƙusa, da bututun da aka toshe ƙarshensa aka manta da shi. A irin waɗannan lunguna cin ƙarfe yakan fara a zafin da bai kai wanda ake bukata a fili ba. Wannan batu ya shafi masana'antun ƙasar nan kai tsaye, domin tsayawar aiki saboda ɗaukewar wuta, ko ƙarancin kayan sarrafawa, ko jiran kuɗin musaya, ba baƙon abu ba ne. Idan aka kashe injuna aka bar sauran ruwa a gindin tanki na mako uku, tankin ya fi shan wahala a kan wanda bai huta ba.

Wani lokaci ma tun kafin a fara aiki ake yin ɓarnar. Al'ada ce idan an gama ƙera tanki a cika shi da ruwa a matsa domin a gwada ko yana yoyo. Ƙa'idodin injiniya da yawa sun tanadi kada kuloraid na ruwan gwajin ya wuce miligiram 50 a lita, kuma a zubar da shi a busar da tankin da zarar an gama. Inda aka ɗebo ruwan kogi ko na rijiya da ba a tace ba, aka kuma bar shi ya kwana biyu a ciki, ƙwayoyin bakteriya masu rayuwa da ƙarfe da manganis sukan yi sansani, galibi a kan layin walda, su gina wani tudu mai launin ƙasa wanda a ƙarƙashinsa rami ke ci. An sha samun tankoki da bututu da suka ɓule ta wannan hanya cikin 'yan watanni, tun ba a zuba musu sinadarin da aka saye su dominsa ba.

Maganin bakteriya kuwa, idan aka wuce gona da iri, shi ma ciwo ne. Bilic yana ɗauke da kuloraid, yana kuma da ƙarfin ƙona fatar ƙarfe. Kulorin ɗin da ake bari a ruwa kullum bai kamata ya wuce kimanin miligiram 2 a lita ga 304 ba, ko 5 ga 316. Ma'aikacin da ya jiƙa tanki da bilic mai kauri ranar Juma'a ya tafi sai Litinin, da niyyar tsabta, ya yi wa tankin abin da shekara guda ta aiki ba za ta yi masa ba.

Sai batun walda, wanda a nan ne yawancin tankokin da ake ƙerawa a gida suke samun rauninsu. Zafin walda yakan bar wani launi, daga ruwan ƙwai zuwa shuɗi, a gefen ɗinkin. Masu walda da yawa ado suke ɗaukarsa, alhali alama ce cewa kuromiyom ya fice daga ƙarfen da ke ƙarƙashin launin ya shiga ɓawo, ya bar wurin ba kariya. Hanyar kauce masa ita ce a cika bayan ɗinkin da iskar agon yayin walda, sannan a wanke launin da haɗin asid na musamman bayan an gama. Har ila yau, idan ƙarfe ya daɗe tsakanin digiri 450 zuwa 850, kabon ɗin da ke cikinsa yakan kama kuromiyom ya janye shi daga kan iyakokin ƙwayoyin ƙarfen. Dalilin ke nan da ake yin samfura masu harafin L, wato 304L da 316L, waɗanda kabon ɗinsu bai wuce kashi 0.03 cikin 100 ba, maimakon 0.08. Sandar walda ma tana da nata: idan aka ɗinke farantin 316 da sandar da aka yi domin 304, an sami tanki mai molibdinom ko'ina in ban da layin da ya fi bukatarsa.

Ƙaramin abu kamar buroshin waya ma yana da hannu. Idan aka goge silba da buroshin baƙin ƙarfe, ko da dutsen gurzar da aka yi aikin baƙin ƙarfe da shi, ko tartsatsin wani aiki ya faɗa masa, ƙwayoyin baƙin ƙarfen sukan nutse a fatarsa su yi tsatsa, kowace ɗaya ta zama mafarin rami. Kamfanonin da suka san aikinsu sukan ware wa silba nasa ɗakin da nasa kayan aikin.

Ba daga ciki kaɗai ake cin tanki ba. A masana'antun bakin teku, irin na Apapa da Lekki da Onne, iska tana ɗauke da gishiri. Tukunyar da aka naɗe da auduga mai tsare zafi, idan ruwan sama ya sami kafa ya shiga, yakan wanko gishiri ya kai shi kan ƙarfe mai zafi, ya bushe, ya sake jiƙewa, ba wanda ya gani. A sama da kimanin digiri 60, ramin da ya fara a wurin da ƙarfe ke ɗaure da nauyi ko ja yana iya rikiɗewa ya zama tsaga, kuma tsaga ba ta ɗiga a hankali kamar huji. Misalin da injiniyoyi suka fi tunawa bai ma faru a masana'anta ba. A watan Mayun 1985 rufin siminti na wani wurin iyo a garin Uster na ƙasar Suwizalan ya rufto ya kashe mutum 12, bayan tururi mai kulorin ya yi shekaru yana cin sandunan silba da ke riƙe da shi har suka tsage. Tun daga nan aka san cewa a wasu yanayi tsagar ba ta jiran zafi mai yawa.

Duk wannan yana komawa ga kasuwa, domin nikel da molibdinom su ne ke sa farashi. A ranar 8 ga Maris 2022 farashin tan ɗaya na nikel ya zarce dala 100,000 a kasuwar ƙarafa ta Landan, har aka dakatar da cinikinsa na kwanaki. Duk lokacin da farashi ya yi irin wannan tashi, sha'awar musanya samfuri takan ƙaru. Akwai jerin samfura masu lamba 200, irin su 201, waɗanda aka rage musu nikel aka cike da manganis, kuma waɗansu masu arha daga cikinsu har kuromiyom ɗinsu an rage. Suna da amfaninsu a kwanuka da kayan ado, amma a ido ba su da bambanci da 304, kamar yadda 304 ba shi da bambanci da 316. Araha dai ba ta ado. Gwajin maganaɗisu da 'yan kasuwa suka dogara da shi ba ya raba gardama: ba ya kama 201, ba ya kama 304, ba ya kama 316, amma yana kama 2205 wanda ya fi su duka juriya.

Abin da ke raba gardama shi ne takardar gwajin masana'antar da ta narka ƙarfen, wadda ke ɗauke da lambar narki da kason kowane ma'adini, a kuma ga lambar ta yi daidai da wadda aka buga a jikin farantin. Bayan ita akwai na'urar hannu mai amfani da hasken ekisire, wadda cikin daƙiƙoƙi za ta faɗi kason kuromiyom da nikel da molibdinom, ko da yake ba ta auna kabon, saboda haka ba za ta raba 316 da 316L ba. A manyan kwangiloli akan ƙara da gwajin ASTM G48, inda ake jiƙa guntun ƙarfen, har da layin waldarsa, cikin wani ruwan kuloraid mai tsanani a duba ko ya yi ramuka.

Ba kowane aiki ne ma ya dace da silba ba. Asid ɗin haidirokulorik, da bilic mai kauri, da ruwan gishiri mai nauyi irin na majemun fata da ke Sharaɗa da Challawa a Kano, sun fi zama lafiya a tankin roba mai kauri, ko na zaren gilashi, ko baƙin ƙarfen da aka shimfiɗa wa roba a ciki, kuma sau da yawa waɗannan sun fi arha. Inda dole sai ƙarfe, 2205 yana da ƙarfin da ya kusa ninka na 316L, don haka ana iya rage kaurin bango, tazarar farashin ta ragu.

Idan kuwa rami ya riga ya bayyana, toshe bakinsa da walda ba ya kashe shi, domin asid ɗin yana nan a cikin tulun da ke ƙasa. Sai an gurje shi har gindinsa, a shafa jan ruwan gwaji mai shiga kafofi a tabbatar ba sauran reshe ko tsaga, a cike da sandar da ta dace, a wanke launin walda, sannan a sake tayar da fatar kariya da asid ɗin naitirik ko na lemon tsami. Na'urar auna kauri da sauti, wadda ke aiki sosai a kan baƙin ƙarfe, tana iya wuce ramin da ke ɗan yatsa ɗaya daga inda aka ɗora ta, saboda haka mai bincike yakan shiga cikin tankin da fitila, ya haska bango a karkace, ya bi layin ruwa, da gindi, da kowane ɗinkin walda, da wurin zaman kowane gaskit. Inda ramukan suka yi yawa a faranti ɗaya, yanke farantin ake yi a sa sabo, kuma kafin a zaɓi samfurin sabon akan kai ruwan da tankin ke ɗauka ɗakin gwaji a auna kuloraid ɗinsa a zafin da ake aiki da shi.